Ƙugiyar da Injiniya Ya Cire

Su uku ne a gidan: Baba kafinta, babbar 'yarsa, da autansa da ake kira Injiniya. Baba ya iya rufin kwano, amma ba shi da shago, ba shi da allon talla, hotunan aikinsa ma a warwatse suke cikin waya mai fasasshen gilashi. Injiniya yana da kai mai kyau. Abin da ya rasa shi ne ganin girman kowa.

A ajina yake koyon tsara shafin intanet. Muna aiki da shiryayyen tsari, wato an riga an ƙera maɓalli da akwatin hoto da layin zaɓi, kai dai ka ɗauko ka jera. Kafin sauran su gama jera akwati ɗaya, shi ya gama shafi, ya juya kujera yana kallonsu yana taɓe baki.

Wani ɗan kwangila da ke gina jerin shaguna ya ce wa Baba ya turo masa abin da zai nuna aikinsa. Baba ya daɗe bai samu babban aiki ba, sai ya roƙi autansa.

"To, Baba, zan yi," in ji Injiniya. "Ko da yake mutanenku ba su san bambancin shafi da takardar bango ba."

Yayarsa ta ɗago daga guga. "Mutanen nan su suka saya maka kwamfutar, Ranka ya daɗe."

Shafin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Hotuna suna shigowa a hankali, maɓallin kira kore shar. A sama ya rubuta da manyan haruffa: "Rufin gida: mun ƙware." Sai dai salon haruffan da ya zaɓa, wani siriri mai yanga, bai san harafi mai ƙugiya ba. Inda ƙ ya kamata ya fito, sai ɗan akwati fanko ya bayyana.

Da ya nuna mini a aji, na ce masa, "Canza salon. Akwai masu ɗauke da haruffanmu, layi ɗaya ne za ka gyara."

Ya yi tsaki ƙasa-ƙasa. "Malam, waɗancan ai kamar rubutun rasit suke. Don wata 'yar ƙugiya zan ɓata kwalliyata?" Ya goge ƙ, ya sa k. Akwatin ya ɓace. "Shi ke nan. Kafintoci da birkiloli ne fa, wa zai lura?"

"Karanta shi da ƙarfi ka ji."

"Na karanta, Malam," ya ce, hannunsa na kan jaka.

Washegari ya raka Baba wurin ginin don ya ga yadda za a yaba. Ɗan kwangila yana zaune a kan bulo, ma'aikata na hutawa a inuwar bango. Ya buɗe shafin a wayarsa, ya ɗan nisanta ta da fuska, ya karanta yadda aka rubuta: "Rufin gida: mun kware."

Wani birkila ya fashe da dariya har ya zubar da ruwan hannunsa. "Kai! Ashe ba iska ba ce ke kware mana rufi, ga masu aikin!"

"Maigida, a ba su aikin," in ji mai fenti. "Mu rufa da safe, su kware da yamma."

Baba ya yi murmushin dole, yana murza tef ɗin awo a hannunsa. "Yaro ne ya rubuta, Alhaji. Duba hotunan."

Ɗan kwangila bai duba ba. Ya kalli Injiniya daga takalmi zuwa kai. "Wannan ne ɗan bokon? Layi ɗaya tak, ba a duba ba. Ƙusa dubu fa?" Ya sa wayar a aljihu. "Zan neme ka."

Bai neme shi ba. Wani ne ya rufa shagunan. Sunan kuwa ya bi Baba, ko katako ya je saye sai wani ya ɗaga murya, "Mun Kware, an shigo?"

A gida Baba bai yi faɗa ba. Yayar ce ta ajiye wa ƙanenta abinci ta ce, "Ci, Injiniya. Ko a cire maka cokalin, kada ya ɓata kwalliyar kwano?"

Ya riga kowa zuwa aji a mako na gaba. Na same shi ya canza salon haruffan, ƙugiya ta dawo wurinta, yana bin shafin da yatsa yana karanta kowane layi a fili. Na ja kujera na zauna kusa da shi har ya kai ƙarshe.

Ya gane cewa mutanen da ya raina suna karatu, kuma sunan da ke saman shafin na Babansa ne.