Hular Kwanon da Fernand Ya Kawo

Ranar Juma'a da hantsi Fernand, aminin mijin Solange, ya shigo kicin ɗinta bai ko kakkaɓe ƙanƙarar takalmansa ba, kamar yadda ya saba. Ya dire wata hular kwano a kan tebur kusa da tukunyar miyar wake. Baƙa ce wulik, sai sheƙi take yi.

"Ina tsohon naki? Ce masa ya fito, kukansa ya ƙare."

Rosaire, mijin Solange, ya fito daga ɗakin ajiya yana goge hannu. Hularsa ta faɗo daga bayan mota a makon jiya, taya ta bi ta kanta. Ga shi gobe Asabar ƙungiyar masu babur ɗin ƙanƙara ta ƙauyen za ta yi doguwar tafiyarta ta shekara, daga bakin tafki har cikin dajin arewa, kuma ba a barin kowa ya hau hanya da kai a buɗe. Ya je garin Roberval neman sabuwa, mai shagon ya auna kansa ya yi dariya, ya ce irin wannan sai an yo odarta, sai wani makon.

Rosaire ya zura hular. Ta zauna masa daram.

"Ka gani? Ko kabewa ma da murfinta," in ji Fernand.

"Kabewar gidanku. A ina ka samo?"

"Wani abokina ne a gari. Ya saya ta yi masa yawa, ko sau ɗaya bai saka ba."

Solange ta ci gaba da juya miya. Ita ba mai yawan magana ba ce, ko a gidanta. Amma hancinta ya riga ya ji abin da ya ji. Sabuwar hula warin roba take yi da na kwali. Wannan kuwa warin fenti take yi, irin fentin gwangwani da ake fesa wa ƙofar gareji.

"Wane abokin?" ta tambaya, idonta na kan tukunya.

"Ba ki san shi ba."

"Ina kwalinta?"

"Kai, Solange! Kwalin zai saka ko hular? Rosaire, yaushe matarka ta shiga aikin 'yan sanda ba ka gaya mini ba?"

Suka yi dariya su biyu. Ta miƙa hannu za ta ɗauki hular, sai Rosaire ya riga ta. Ya ce bari ya kai ta gareji kada tururin miya ya ɓata gilashin. A shekarun aurensu kaf, tsohuwar hularsa a kan firij take kwana, tururi bai taɓa damunsa ba.

Bayan sun fita ta tsaya a bakin taga tana kallonsu. Fernand yana magana ƙasa-ƙasa, hannunsa a kafaɗar Rosaire. Da walakin, goro a miya. A duk ƙauyen mutum biyu ta sani masu irin wannan kai: mijinta, da Yvon, ɗan 'yar'uwar Fernand. Kafin Kirsimeti Yvon ya shiga wata kwana ta hannun da ba nasa ba, ya yi kiciɓis da wani babur yana tahowa, ya kauce, ya tafi da ka ya daki bishiya. Likita ya ce hular ce ta cece shi. Har yanzu in ya miƙe da sauri jiri yake gani, kuma an hana shi hawa sai baɗi. Hular Yvon ja ce, Solange ta tuna sarai. Amma ja da baƙi, ai tsakaninsu gwangwanin fenti ɗaya ne.

Da yamma ta ce wa Rosaire, "Wai ina hular Yvon take ne?"

"Ni na sani? Tana zangon Huguette mana, rataye a rufi tare da sauran."

"Ka gan ta a can?"

"Tsohuwa, ni in na shiga wajen Huguette faranti nake kallo, ba rufi ba."

Ta je gareji ɗebo itace, ta duba saman kantar garejin, ta duba bayan babur. Ba ta ga hular ba. Motar kuma a kulle take, mabuɗin yana aljihunsa.

Washegari tun da sassafe suka isa zangon Huguette, gidan katakon da ke bakin hanya inda mahaya ke haɗuwa su sha kofi su ji ɗumin murhu kafin su kama daji. Solange ba ta zuwa doguwar tafiya, takan zo ne ta taya Huguette suyar ƙwai da dankali. Tana shiga, kafin ta cire safar hannu, ta ɗaga kai sama.

A nan ƙauyen, duk hular da ta sha karo sau ɗaya aikinta ya ƙare. Ko da babu ƙwarzane a jikinta, farin soson nan mai tauri da ke ciki ya riga ya loɓa, ba ya komawa, karo na biyu kai ne zai sha. Don haka akan kawo ta zango, a yanke maɗaurin haɓarta a gaban mutane, a rataye ta a jikin katakon rufi don kada wani ya yi kwaɗayinta. Solange ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Ga shuɗiya, ga fara mai tsagewa a goshi, ga wasu tsofaffi da hayaƙi ya dafe. Ja guda ɗaya ce, ƙarama, ta mace.

"Huguette, ba a kawo ta Yvon ba?"

Huguette ta juya ƙwai. "Fernand ya ce masu motar asibiti sun tafi da ita. Na ce to. Me ya faru?"

"Ba komai."

"Ke in kin ce ba komai, da komai."

Maza suka yi ta shigowa suna buga ƙafa, kowa ya cire hula ya jera a kan kantar da ke kusa da murhu don gilashi ya bushe. Rosaire ya shigo da tasa a hammata. Ya yi ɗan jim kamar zai zauna da ita, sai wani ya ce, "Ango da sabuwar hula! Ajiye ta mana, ba mai sace tukunya." Ya ajiye ta can ƙarshen kanta, ya zauna inda zai riƙa ganin ta.

Solange ta jira. Ta zuba kofi, ta kai burodi, ta kawo zumar da ake tatsa daga itace. Da gardama ta kaure a kan wanda zai ja gaba da wanda zai tsare baya, Rosaire ya juya yana nuna wani da cokali, sai ta ɗauke hular ta shige bayan kicin.

In ta yi kuskure, ta ɓata kayan mutane, ta kuma kunyata Fernand, wanda shi ya ɗauki gawar mahaifinta tare da Rosaire. Ta sa bakin wuƙar dankali a ƙasan gefen hular, inda ido ba ya kaiwa, ta kankare kaɗan. Baƙin ya tashi kamar ɓawon albasa. A ƙarƙashinsa ja ne. Ta ɓalle ƙyallen ciki ta shafa soson. Ta dama sumul yake. Ta hagu, daidai saman kunne, yatsunta suka faɗa wani loko mai faɗin tafin hannu.

Ba ta san lokacin da ta fito tsakiyar ɗakin ba.

"Fernand."

Muryarta ba ta da ƙarfi, amma da yake ba a saba jin ta ba, ɗakin ya yi tsit.

"Abokin naka na gari, shi ma bishiya ya daka kafin Kirsimeti?"

Ta ɗaga hular, ta juya wajen da ta kankare. Huguette ta ajiye cokalin suya ta matso, ta zura hannu ciki, ta zaro shi a hankali.

"Masu motar asibiti, ko? A ɗakina ka tsaya ka yi mini wannan ƙaryar, Fernand?"

Solange ta zaci Fernand zai yi rantsuwa, ko ya mai da abin wasa. Maimakon haka sai ya dubi Rosaire, irin duban da ake yi wa wanda aka yi abu tare da shi.

Rosaire ya ture farantinsa. "Ku ƙyale shi. Ni na roƙe shi. Ni na sayo fentin ma."

Solange ta ji kamar an zuba mata ruwan tafki a baya. Tun jiya Fernand take tuhuma, Fernand take harara, ashe ɓarawon a gadonta ya kwana.

"Ta yini ɗaya ce fa," in ji Rosaire. Ita yake yi wa magana, amma tebur yake kallo. "Ni ba yaro ba ne kamar Yvon. Hannuna nake bi, ba na gudu a kwana. Yaushe rabon da in faɗi?"

"Wanda Yvon ya kusa yi wa karo ma hannunsa yake bi," in ji wani dattijo daga bakin murhu.

"Ba da kai nake ba."

Solange ba ta iya gardama ba, ta san in aka shiga musu zai rinjaye ta, kullum haka ake yi. Ta kama maɗaurin, ta ɗora shi a gefen kantar, ta sa wuƙa. Wuƙar dankali ce, ba ta da kaifi sosai, sai da ta yi ta gurzawa kowa yana kallo. Rosaire ya miƙe tsaye amma bai matso ba. Da maɗaurin ya rabu ta miƙa wa Huguette hular, ta koma kicin, ta tsaya a gaban murhu fuskarta na zafi.

Babu wanda yake da hular da za ta shiga kan Rosaire, an gwada biyu don a fita hakkinsa. Huguette ta sa Fernand ya hau kujera ya rataye ta Yvon da hannunsa, tana tsaye a ƙasa tana gaya masa abin da ya sawwaƙa. Daga nan suka fita, aka tayar da babura, ƙararsu ta cika fili, ta yi ta raguwa har daji ya haɗiye ta.

Rosaire yana zaune shi kaɗai a dogon teburin, cikin rigar sanyinsa, bai ko zuge zif ba. Solange ta zo kwashe faranti.

"Tun kafin in aure ki ban taɓa fashin tafiyar nan ba," ya ce.

"Na sani."

"A gaban mutane, Solange."

"Jiya a gida na tambaye ka."

Ta tara farantan har suka yi mata yawa, ta tsaya tana neman yadda za ta ɗauka. Can ya tashi, ya cire rigar ya jefa a kan benci, ya karɓe su daga hannunta ba tare da ya dube ta ba.

"Kada ki yi mini magana yau," ya ce, ya nufi wajen wanke-wanke.

Ta ɗauko tsumma ta fara goge tebur.