Motar da Aka Yanke wa Harshe

Mota ba ta kuka a banza. Shekara goma sha ɗaya Mai Waya, mai gyaran wayoyin mota, yana faɗa wa mutane haka, duk sanda wani ya zo masa da cewa, "Kashe min wannan jiniyar in huta." Yawancinsu ba sa son ji. Mutanen yanzu ba gyara suke nema ba, shiru suke nema.

Rumfarsa kwano huɗu ce a kusurwar wani filin sayar da motoci na hannu. Filin na yayan matarsa ne, wanda kowa ke kira Dillali, shi kuwa yake kira Yaya. Dillali ne ya ba shi wurin, kuma wata bai taɓa ƙarewa ba tare da ya tuna masa ba.

Sai aka kawo wata mota ruwan toka, sumul, kujeru kamar ba a taɓa zama a kansu ba. Aibinta ɗaya: ihu. Babu wanda ya taɓa ta, babu wanda ya kusance ta, sai ta fasa jiniya, fitilu na ƙiftawa. Da hantsi ta yi, da rana ta yi. Mai faci na tsallaken titi ya sa mata suna Amarya, wai ba a san abin da take wa kuka ba. Masu saye biyu sun zo, ta yi musu ihu, sun juya.

"Shiga ka rufe mata baki," in ji Dillali. "Gobe wata malama za ta zo."

Mai Waya ya shiga ya kwanta ƙarƙashin sitiyari. Hancinsa ne ya fara ba shi labari. An feshe motar da turare, amma a ƙarƙashin turaren akwai warin danshi irin na tsohuwar rijiya. Ya ɗaga kafet. Busasshiyar laka, kauri ɗan yatsa, har da ɓawon wata 'yar katantanwa a manne. Ya zare mahaɗin wayoyi, ya tarar duk ya yi koren tsatsa.

Yana cikin dubawa iska ta turo ƙofa ta rufe. Sai ya ji ƙas! Ƙofofi huɗu sun kulle kansu. Ya ja hannun ƙofa, ya ji shi sakwa-sakwa. Ya danna makunnin gilashi, ko motsi. Rana tana tsaka, cikin motar ya koma tanda. Jiniya ta ɗauka, amma wa zai waiwayo? Kowa ya saba. Da ƙyar ya kwantar da kujerar baya, ya rarrafa cikin but, ya lalubo igiyar ƙarfen da ke buɗe shi daga ciki, wadda ba ruwanta da batir. Ya faɗo waje jiƙe sharkaf.

Ya sami Dillali a ofis, fanka na kaɗa masa.

"Yaya, motar nan ta sha ruwa. Ba wanki nake nufi ba, ambaliya ce ta haɗiye ta."

"To, kifi ka samu a ciki?"

"Katantanwa na samu."

"Madalla. Ajiye ta ka yi kiwo. Ka yanke wayar?"

"Ban yanke ba. Jiniyar ba ita ce cutar ba, ita ce ke faɗin cutar. Yanzun nan ta kulle ni a ciki. Sai an sauya wayoyin kakaf, in ba haka ba wata rana za ta kashe wani."

Dillali ya kwashe da dariya. "Ji mutum! Kai ko likita ne? Aikin minti ɗaya na sa ka, ka dawo min da wa'azi. Kana zaune a inuwata kana raina ganyena?"

"Ba raini ba ne, Yaya. Hannuna dai ba zai yanke ta ba."

Dillali ya tashi, ya je rumfar, ya ɗauki filayar Mai Waya ba tare da ya tambaya ba. Ya buɗe bonet, ya laluba, ya datse. Motar ta yi tsit. Ya jefar da filayar a ƙasa. "Ga shi nan, na warkar da ita. Gobe kuma in baƙi sun zo, ka zauna a rumfarka ka haɗiye harshenka. In ka buɗe baki, ka kwashe komatsanka."

Washegari da hantsi malamar ta zo, malamar firamare ce, tare da kawunta, tsohon direba. Kawu ya naɗe hannun riga ya fara gwajin da ya sani. Ya harbi taya huɗu. Ya zaro ma'aunin mai ya murza da yatsa. Ya tayar da inji, ya kasa kunne, ya zaga baya ya dubi hayaƙi.

"Lafiya lau, 'yata. Inji kamar agogo. Ni da na shekara talatin a kan hanya, mota ba ta yi min ƙarya."

Ko sau ɗaya bai sunkuya ya ɗaga kafet ba. A zamaninsa mota inji ce da birki, bai san ta koma tarin wayoyi ba.

Mai Waya yana zaune a rumfa, yana kankare kan batir da ya riga ya kankare. Yana ji. Ya tuna matarsa, da irin kallon da za ta yi masa in ya ce ya ɓata da yayanta. Ya tuna masu kawo masa aiki, waɗanda nan kaɗai suka san shi. Ya ce a ransa, ba ni na yanke ba, ba ni na sayar ba. Da irin wannan maganar mutane da yawa suke wanke hannu, suna zaton sun wanku.

Sai malamar ta leƙa kujerar baya ta ce, "Ƙofofin bayan nan suna kamawa sosai? 'Yan biyuna shekararsu uku, ba abin da suke so kamar jan hannun ƙofa. Tare za mu riƙa zuwa makaranta."

"Ki kwantar da hankalinki," in ji Dillali.

Mai Waya ya ajiye batir. Bai san lokacin da ya tsallake filin ba.

"Malama, kada ki sa 'ya'yanki a motar nan."

Malamar ta juyo ta dube shi, ya ci gaba.

"Ambaliya ta ci ta. Wayoyinta sun ruɓe. Takan kulle kanta, gilashi ba ya sauka. Jiya ni ta kulle, ƙato da ni, da ƙyar na fito. Da tana ihu, ko banza wani zai ji. Jiya aka yanke mata jiniya don kada ki sani."

"Kai!" Dillali ya daka tsawa. "Butulu! Kada ki kula shi, Malama, mijin ƙanwata ne, rana ta taɓa masa kai. Ni na ɗauko shi ba shi da ko filaya!"

"Filayar da ka yanke wayar da ita tawa ce, Yaya."

Kawu ya yi gyaran murya. "Yaro, inji dai na ji shi da kunnena."

"Kawu, inji ba ya buɗe ƙofa."

Dillali ya fusata. Ya miƙa wa Kawu makulli. "Riƙe. Ku zuba ido ku ga ƙarya." Ya tattara farar rigarsa, ya shige kujerar baya, ya ja ƙofa da ƙarfi. Ya buɗe, ya fito da ƙafa ɗaya, ya ɗaga hannu. "Kun gani?" Ya sake rufewa. Ya sake buɗewa. A karo na uku ya buga ta da dukkan fushinsa.

Ƙas!

Kawu ya danna rimot, shiru. Ya zura makulli a ƙofar direba, ramin ya ci tsatsa, ya ƙi juyawa. A ciki Dillali yana jan hannun ƙofa, yana danna makunni, bakinsa na motsi. Motar kuwa ko ƙis ba ta ce ba. Ma'aikatan filin suna can bayan ofis suna hira, babu abin da ya kira su. Zufa ta karyo masa, ya fara dukan gilashi da tafin hannu.

Malamar ta dafe ƙirji. "Wayyo Allah! Da 'ya'yana ne fa?"

Mai Waya ya kara bakinsa jikin gilashi ya ɗaga murya. "Kwantar da kujerar, Yaya! Ja madaurin da ke bayanka! Rarrafa cikin but, akwai igiya ta hannun dama!"

Babban mutum mai tumbi ya rarrafa. But ya buɗe, Dillali ya gangaro ƙasa yana haki, hula a can, takalmi ɗaya a ciki. Farar rigar nan, daga gwiwa har ƙirji, ta yi jirwaye da busasshiyar laka. Kawu ya sa yatsa ya shafo, ya shinshina, ya goge a wandonsa. Ya kama hannun 'yarsa suka nufi ƙofar fita. Malamar ta waiwayo. "Allah ya saka maka da alheri, bawan Allah."

Kuna tsammanin Dillali ya ji kunya? Da numfashinsa ya dawo, kalmar farko da ta fito daga bakinsa ita ce, "Kwashe."

Mai Waya bai yi musu ba. Ya naɗe wayoyinsa, ya zuba kayan aiki a akwati, ya ɗauki filayarsa. Kwanon rumfa na Dillali ne, ya bar masa. Kafin ya fita ya tsaya gaban motar, ya buɗe bonet, ya fere bakin wayar da aka datse, ya murɗe su wuri guda, ya naɗe da salatif.

Bai kai bakin titi ba ta fasa ihu.

"Amarya ta farfaɗo!" in ji mai faci daga tsallake. "Ina za ka da akwati?"

"Gida tukuna," ya ce. "Akwai wadda zan yi wa bayani."