Gadon Karɓa-Karɓa

Ɗakin haya ne a bayan filin jirgin sama, na mata matuƙa jirgi waɗanda gidajensu ke da nisa. Gadajen ba su kai yawan masu kwana ba, don haka karɓa-karɓa ake yi. Auta, mataimakiyar matuƙi kuma ƙaramarsu duka, gado ɗaya suke raba da wata babba da kowa ke kira Anti Kyaftin. In ɗaya tana sama, ɗaya tana barci. Ta katifa suka fi sanin juna: Auta takan tarar da ita da ɗumi, matashin yana ƙamshin man zafi.

Watan jiya Anti ta karɓi ƙarin tashi saboda ƙarancin ma'aikata. Ta sauka da safe, ta ɗauki hanyar gida a motarta, barci ya sace ta a kan sitiyari, ta yi hatsari ta rasu. Kamfani ya yi ta'aziyya, ya raba aikinta ga waɗanda suka rage.

Har yau Auta tana tarar da katifar da ɗumi.

Ta taɓa tambayar mai shara, “Iya, wa ke kwanciya a gadona in ba na nan?”

“Wa zai yi sha'awar wannan katifar mai kama da benci, 'yar nan?” in ji Iya. Amma tsintsiyarta ta daina shiga ƙarƙashin gadon.

Yau da hantsi Auta ta shigo, idanunta kamar an zuba yashi. Da suna saukowa ɗazu sai da hasumiyar kula da jirage ta kira ta sau biyu kafin ta amsa, kuma ba ta san inda hankalinta ya tafi a tsakani ba. Ba ta gaya wa kowa ba.

Tana zama a bakin gado waya ta yi ƙara. Mai tsara tashin jirage ne, wanda suka laƙaba wa Ba-Mutane.

“Ƙanwata, wallahi ba mutane. Akwai tashin la'asar, kuma kuɗin ƙarin lokaci ninki ne.”

“Ko takalmi fa ban cire ba, Yaya.”

“To kin ga kin riga kowa shiryawa ke nan.”

“Ina mazan?”

“Sun langaɓe. Ke ce ba kya gajiya.”

Tun a makarantar tuƙi ake jiran ranar da za ta ce ta gaji, a yi murmushi a ce ai dama mace ce. Ba ta taɓa ba su wannan damar ba. Ta miƙa hannu ga hularta.

Sai katifar ta lotsa a gefenta, a hankali, kamar mutum mai nauyi ya zauna. Ta ji an tuɓe takalmi, ya faɗi ƙasa. Aka ja dogon numfashi na wanda ya daɗe yana neman wurin kwanciya. Auta ba ta waiwaya ba. Gashin hannunta ya mimmiƙe.

“Kina ji na? In sa sunanki?” in ji Ba-Mutane ta cikin wayar.

“Na gaji, Yaya. Ba zan ɗauki ran mutane a haka ba.”

“Kin san sai na kai maganar sama. Za a yi surutu.”

“Kai ta. Ka faɗa musu da bakina na faɗa, kar ka ce ciwon kai ne.”

Ta kashe wayar. Ta kwanta da kayan aikinta, ta matsa can jikin bango, ta bar wa Anti rabin gadon.