Yayen Ɗan Fari

Tun ranar da aka raɗa masa suna Lukuman, Wasila ba ta taɓa furta sunan nan da bakinta ba. Ɗan fari ne, ita kuwa kunya aka gina ta a kai. In za ta yi maganarsa sai ta ce "yaron nan". In baƙi suka shigo gidansu da ke bayan tashar jirgin ƙasa a Gusau, sai ta ture shi daga cinyarta kamar ɗan maƙwabta. Mata suna ta yaba ta. Ba su san in ta saki asabari sai ta yi ta shinshinar wuyansa har ya yi dariya ba.

Da ya kusa shekara biyu, mijinta Yusha'u, mai awon gyaɗa a kantin Turawa, ya karɓo rubutun yaye wurin malam. A al'ada kaka ke yaye, to mahaifiyar Wasila ta rasu. Sai yayarta Indo ta zo daga Kwatarkwashi wata Juma'a, ta goya shi, ta yi gaba. Indo ta daɗe da aure, Allah bai ba ta haihuwa ba. Wasila ko ƙofar gida ba ta raka su ba, don kada a ce ta damu.

Nono ya cika ya yi mata tsami, ta sha jiƙe-jiƙe ya kafe. Abin da ya ƙi kafewa shi ne labarin da masu zuwa cin kasuwa ke kawo mata, ba tare da ta tambaya ba. Wai yaron kukan kwana biyu kawai ya yi. Kwana biyu! Ita da ta yi zaton zai ƙi ci ya ƙi sha. Wai Indo na dama masa kunun gyaɗa da safe, da rana ta dafa kabewa ta murje da man shanu. Wai tana karɓar kindirmo wurin Fulanin rugar bayan dutse, ta dama masa fura ba yaji. Yau faten wake, gobe dankali, jibi tuwo mai laushi da miyar kuɓewa, tana tsoma yatsa tana sa masa a baki. Wasila ta ce, "Madalla," ta shiga ɗaki tana cizon leɓe. A hannunta, koko kaɗai ya taɓa yarda ya sha, shi ma sai da ɗure.

Kishi ne, ba wani abu ba. Kishin yayarta uwa ɗaya uba ɗaya, kuma irin wanda ba a kai ƙararsa ko'ina, domin duk wanda ta gaya wa dariya zai yi mata.

Bayan an cire auduga, Yusha'u ya ce ta je ta gaishe su. Ta soya gyaɗa, ta ƙulla garin kunu, ta hau lori.

Ta tarar da tsakar gidan cike da mata. Ga shi nan a gindin turmi, ya yi ɓul-ɓul, kumatu sun dame da kabewa. Ta kau da kai ta shiga gaishe-gaishe. Shi ko ya dube ta sau ɗaya, ya ruga ya ɓuya bayan Indo.

"Inna," ya ce, yana jan zanenta.

Indo ta ɗaga shi sama ta cafe, ta sumbaci goshinsa a gaban kowa. Ita ba ruwanta da kunya, ba ita ta haife shi ba. Wasila ta ji kamar an watsa mata barkono.

Bayan la'asar aka zauna. Inna Tambaya, ƙanwar mahaifinsu, tsohuwa mai faɗa a ji, ta gyara murya.

"Wasila, mun yi shawara. Wanga yaro ya saba da Indo, kin ga yadda yay yi ƙiba. Ɗan hwari dai ba a hannun uwa shika tashi ba. Ke Allah na ba ki wasu. A bar mata shi ta riƙa. Mi kika cewa?"

Kowa ya san amsar. Mace mai kunya sai ta sunkuyar da kai ta ce ai nasu ne, ita ina ruwanta. Har an fara murmushi, ana jiran a ji ta faɗa a shafa fatiha. Indo ta ƙura wa ƙasa ido, tana juya kabewa a ƙoƙo.

Wasila ta buɗe baki. Sai ta ga Indo ta ɗebo kabewar ta hura, yaron ya wangale baki tun kafin yatsan ya iso. Abin ya zo mata wuya.

"Lukuman!" ta ce, da ƙarfi. "Zo nan, Lukuman!"

Gida ya ɗauki salati. Wata ta rufe baki da gyale. Inna Tambaya ta tafa hannu: "Yau mun ga zamani! Gusau ta lalata ɗiya!"

Yaron kuwa ya waiga hagu, ya waiga dama, yana neman mai kiran. Bai taɓa jin sunansa da wannan murya ba. Da bai gane ba, sai ya ɗaga kai ya dubi Indo.

Wasila ta zubar da kunyarta a gaban dangi, ga shi kuma bai ko matso ba. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

Indo ta dubi ƙanwarta. Sannan ta tashi, ta kwance majanyin da ke ƙugunta, ta ajiye mata a cinya tare da ƙoƙon.

"Ba shi son gishiri da yawa," ta ce. "In kin ba shi wake, ki cire ɓawon. Ki dinga canza mashi, in kin maimaita abu guda tohwarwa shikai." Ta shige ɗaki ta saki labule.

Wasila ta ji haushin kowace kalma, don duk gaskiya ce kuma ita ba ta sani ba. Amma ta haddace su tsaf.

Da safe ta goya shi, ba wanda ya raka ta bakin hanya. Lori na tashi ya fara zillo, yana miƙa hannu wajen dutsen da ke ja baya.

"Inna! Inna!"

Ta san ba ita yake kira ba. Ta gyara majanyin, ta waiwaya.

"Na'am," ta ce.

Ya sake ƙwalawa, ta sake amsawa. Haka suka yi ta yi har Gusau.