Amfilifayar Kawu

Ƙarfe biyu na rana suka fara gwajin sauti, ƙarfe huɗu za a buɗe ƙofa. Babu kowa a zauren sai kujerun roba da wata mata mai goge tagogi. Injiniya tana can baya wajen mikisa, na'urar daidaita sauti. Ta gama da ganguna, ta gama da makirufon mawaƙiya, saura jitar bes, wadda kawunta ya shekara talatin yana kaɗawa.

Ƙanin mahaifiyarta ne, wadda yake kira Yaya. Ita kuwa Injiniya, Uwata yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

"Kawu, ɗan taɓa mu ji."

Ya taɓa, ta daidaita, sauti ya fito tas. Amma suna shiga waƙar farko fitilar layinsa ta koma ja, manyan lasifikoki suka kama gurnani. Ta ja layin ƙasa har ƙarshe. Duk da haka bes ya cika zauren, daga amfilifayarsa, akwatin ƙara sauti da ke kan dandamali, yake fitowa.

Mawaƙiya ta ɗaga hannu aka tsaya. "Ni fa ba na jin muryata. Hanjina ne kawai ke kaɗawa."

"Dattijo, ginin mutane za ka rushe mana?" in ji mai ganga.

"Ni ban taɓa komai ba," Kawu ya ce, alhali yatsunsa ba su gama barin abin murɗa ƙara ba.

Injiniya ta hau dandamali, ta durƙusa a bayan amfilifayar. Nan wayar da ke kai sauti kai tsaye zuwa mikisa take, da wani ɗan maɓalli a gefenta. An danne shi ciki, shi ya sa duk ƙarar da Kawu ya murɗa sai ta bi waya ta iske ta a can. Ta sake maɓallin. Yanzu ko ya murɗa, nata layin ba zai motsa ba.

Sai dai wannan rabin matsalar ce. Wasa na uku ke nan yana kai ƙarar bakwai, mutumin da a da ba ya wuce huɗu. Ta tsaya inda yake tsayawa. Amfilifayar tana ƙasa, ta hagunsa, tana hura masa a ƙwauri. Amma ko a haka, ita kam ƙarar ta ishe ta har ta yi yawa.

Tana ta hagunsa ta ce a hankali, "Kawu, in kawo maka ruwa?"

Bai ko juyo ba, yana ta gyaran tsirkiya. Ta zagaya ta damansa kamar mai duba waya, ta maimaita da murya iri ɗaya.

"A'a, Uwata, na sha."

Nan ta gane kunnensa na hagu ne ba ya ji. Ta dubi sauran, duk ita suke jira.

"Kusurwar nan ce ke tara sauti," ta ce. "Ku kama mini mu mayar da amfilifayar dama."

Mai ganga ya kama, yana mitar cewa shi ba ɗan dako ba ne. Suka ɗora ta a kan akwatin kaya, ta cusa naɗaɗɗen tawul a ƙarƙashin gabanta har bakinta ya dubi kan Kawu. Ta mayar da ƙarar uku.

Ya kaɗa, ya tsaya, ya sake kaɗawa. "Ƙarawa kika yi?"

"Ragewa na yi."

Suka yi waƙar daga farko har ƙarshe, ba wanda ya ɗaga hannu.

Da sauran suka fita shan iska, ta same shi zaune a bakin dandamali, jitar a cinyarsa. Ta zauna ta damansa.

"Ba kusurwa ba ce," ya ce, bai dube ta ba.

"Ba ita ba ce."

"Wata takwas ke nan. Kamar an cusa mini auduga a kunne. Na ce in yaran nan suka sani, za su fara yi mini sannu, daga nan kuma su nemo wani." Ya shafa wuyan jitar. "Kada ki gaya wa Yaya. Kin san ta da kuka."

"Ba zan gaya mata ba, in ka yarda mu je a duba ranar Litinin."

Ya ajiye jitar a gefe. "To. Amma ke za ki tuƙa."

Wasan ya yi kyau. Ranar Litinin likita ya ce jin kunnen hagun ba zai dawo duka ba, amma na daman garau yake, a dai kiyaye shi daga ƙara. A hanyar komawa, bayan sun wuce shatale-tale biyu, Kawu ya ce ta juya ta kai shi gidan Yaya, gara ta ji daga bakinsa.