Furen Baba Mijinyawa

"Sun sake ruɓewa," in ji Halimatou, ta dire gwangwanin da ta dasa rassan fure a ciki a gefen tabarmar. "Karo na huɗu ke nan, Baba."

Baba Mijinyawa ya ɗago kai da ƙyar. Shekara talatin ya yi yana renon furanni a bakin kogi, can Gaweye, kafin shanyewar jiki ta kwantar da shi a gidansa na Banifandou. Cikin duk abin da ya shuka, tukunya ɗaya ya taho da ita: kirizantem, wani fure rawaya mai cika kamar gammo, wanda zafin Yamai ke kashe wa kowa ban da shi. Halimatou maƙwabciyarsa ta rantse sai ta raya irinsa.

"Ruwa ya yi yawa," ya ce, harshensa na sarƙewa.

"Wancan karon cewa ka yi ya yi kaɗan!"

"To, ya yi kaɗan ɗin."

Ta cije leɓe. Ya miƙa hannu zai nuna mata inda ake yanka, yatsun suka ƙi kama reshen. Sau uku yana gwadawa. Ya yi tsaki, ya juya fuska ga bango.

Ɗiyarsa Nafissa ta fito da kofin kunu. "Haba Tanti, mutum na fama da ransa, ke kina zancen fure?"

Halimatou ta kwashi gwangwaninta ta fita, ko sallama babu. Kwana biyu ba ta leƙa ba, don haushi. Ran na uku da hantsi ta ji salati ta kan katanga.

Da aka zo shimfiɗa tabarmin zaman makoki, wani ya fitar da tukunyar waje don a sami fili. Kafin ta lura, awaki sun cinye furen, saura toho biyu a gindi. Ta tsuguna nan bakin titi, mata masu zuwa gaisuwa na ratse ta suna kallo, ta sa reza ta yanke su.

A gida ta tsige ganyen ƙasa, ta soke su cikin rairayin kogi, ta kai inuwar randa. Ta ɗauko buta ta karkata, sai hannunta ya tsaya. Ta juya wajen katanga, bakinta a buɗe za ta tambayi Baba yawan ruwan. Ta can ba a jin komai sai ƙarar kujerun da ake jerawa.