Tsohon Tela da Katunan Tawada

Ɗakin binciken yana can ƙarshen baranda, kusa da inda ake jibge karyayyun kujeru. A nan Malama, mai nazarin halayyar ɗan Adam, take gwada wasu tsofaffin katuna waɗanda likitocin zamanin da suke auna tunanin mutane da su. Tawada ce aka ɗiga a takarda aka ninke, ta bazu hagu da dama. Sai ta miƙa wa mutum kati, ta tambaye shi me yake gani, ta rubuta duk abin da ya fito daga bakinsa, har da tari. Sharaɗin ɗaya ne: wanda ya taɓa ganin katunan ba ya sake zama, don idonsa ya riga ya saba.

Wani tsohon tela ya zo a makon farko. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse, waya ma sai in shi ya kira. Inda wasu ke cewa jemage su yi shiru, shi mata biyu ya gani suna jan yadi ɗaya, ga kuma wuyan riga da aka yanka a karkace. Ya yi ta zuba, biron Malama na gudu. Ya manta rabon da wani ya bukaci maganarsa haka, ya koma gida da farin ciki.

Ba a jima ba sai ga shi ya dawo, ya aske gemu, ya ƙwama tabarau, wai shi ƙanin wancan ne. Ko yaron goye ba zai ruɗu ba. Tausayi ya hana Malama korarsa. Ta ba shi kujera da kati, amma ta bar biron a kan tebur.

Ya fara bayani da zumuɗi, can sai ya tsaya.

"'Yata, ba kya rubutawa."

Ta gaya masa gaskiya a hankali, cewa amsa ta biyu ba ta shiga bincike, amma tana jinsa, ya yi ta magana har a tashi aiki.

"Na ɗauka ana bukatar abin da nake gani ne," in ji shi.

Kunya ta rufe shi. Ya daidaita katin a kan 'yan'uwansa, ya ba ta haƙurin ɓata mata lokaci. A bakin ƙofa ya juyo, ya tambaye ta ko akwai wani ofis a ginin da har yanzu yake neman mutane.